Yarinya Mai Shuɗiyar Fuska

"Wallahi ita ta cinye shi," in ji Dada, wata maƙwabciya, tana zuba wa mata shayi a zaman makokin Nafi'u. "Mutum ya zana aljana, ya rataye a ɗaki shekara goma sha biyar, me ake jira? Kalas, magana ta ƙare."

Madam Raliya ta ajiye kofinta. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a lekol, makarantar boko, ba a saba gaya mata magana ta haɗiye ba. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Nafi'u, mai zana wa mahautan unguwar Mardjandafak alluna. A gabanta ya rame tun damina, idanunsa suka yi rawaya, har buroshi ya gagare shi riƙewa.

"Dada, ke kin taɓa ganin aljana?"

"Ke dai Madam komai sai gardama. Shiga ki gani. Wane ɗan Adam ne da shuɗiyar fuska?"

Ta shiga, ga hoton rataye a bango. Yarinya ce mai dogon wuya kamar na tulu, ido ɗaya ya ɗara ɗaya, fuska shuɗiya daga goshi har haɓa. Hannayenta kuwa irin na kowa ne, riƙe da 'yar tukunya irin ta ƙauyen Gaoui.

Yakuba, yayan mamacin da ya iso daga Zinder jiya, ya leƙo. "Ƙona shi zan yi, Hajiya."

Hajjo, matar Nafi'u, tana zaune a lungu cikin mayafin takaba. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Shi kaɗai ya zana don kansa. Shi nake so a bar mini."

"Ba ni zuwa la'asar, Malam Yakuba," in ji Raliya.

Ta ɗauki sandarta ta nufi layin masu tukwane a kasuwa, rana na tsaka. Matan Gaoui na zaune ƙarƙashin shuɗin tamfol, rana na ratsa shi, fuskar kowacce ta rine shuɗi. Raliya ta daɗe tsaye tana kallonsu kafin ta tambaye su da Larabci ko akwai wadda wani mai fenti ya taɓa zanawa.

Wata mai goyo ta tuntsire da dariya. "Mai fenti? Ai ni ce, Kaka! Kwana uku ya zaunar da ni a nan, ya ce kada in motsa. Ban ma taɓa ganin hoton ba. Yana lafiya?"

Raliya ta gaya mata. Matar ta ajiye tukunyar da ke hannunta, ta gyara goyo, ta biyo ta.

Tun daga bakin lungu suka ji warin fenti. Yakuba bai jira ba. A tsakar gida sauran katako ɗaya na hoton ke ci da wuta, Hajjo na leƙensa ta bayan labule.

Raliya ta riƙo hannun matar ta tsayar da ita gaban masu makoki.

"Ga ta. Sunanta Zahra, tukwane take sayarwa. Shi kuma ciwon hanta ne ya kashe shi."