Wa Zai Ɗauki Vernon?

"Harold ya mutu. Dale yana gidan tsofaffi, ko cokali ba ya iya ɗagawa," in ji Vernon, yana lanƙwasa yatsunsa a kan bargo, yana ƙirga abokansa. "Saura wa, Lorna?"

"Saura ka sha miyar nan kafin ta huce," na ce masa.

"Mutum shida ake nema su ɗauki akwatin gawa. Biyu gare ni, ɗayan ma Lyle ne, da sanda yake dogarawa."

Likita ya sallamo shi gida saboda huhunsa ya gama aiki, kuma shi kansa ya sani. Mutuwar ba ta dame shi ba. Abin da ke cin ransa shi ne maganar ɗansa Craig, wanda ya bugo waya daga Arizona ya ce ma'aikatan gidan jana'iza za su tura akwatin a kan gado mai taya. Haka aka yi wa Harold bara, a gaban idon Vernon.

"Kamar naman sa aka gangara da shi," ya ce. "Ni ba za a tura ni ba. Hannun wanda ya san ni nake so."

Ni maƙwabciyarsa ce tun muna da sauran ƙarfi, na san taurin kansa. A mayankar garinmu ya ƙare ƙuruciyarsa, ɗan ƙungiyar ƙwadago, ɗan jam'iyyar Dimokurat kamar ubansa. Da sababbin masu kamfani suka zo, suka zaftare albashi, suka watsa ƙungiya, suka cika wurin da mutanen Meziko da Gwatamala. Matasanmu suka bar jiharmu ta Iowa, baƙi suka sayi gidajen layinmu. Daga nan Vernon ya koma Rifablikan, ni ma na bi, ba zan ɓoye ba. Duk lokacin zaɓe sai ya kafa allo a gaban gidansa mai cewa a rufe kan iyaka, allon kuma yana kallon tagar kicin ɗin maƙwabcinsa Efraín.

Efraín Tzoc mutumin Gwatamala ne, mai fiɗa a mayankar nan. Shi yake kwashe wa Vernon ƙanƙara daga ƙofa duk hunturu, Vernon kuma yana leƙowa yana masa faɗa wai bai iya riƙe shebur ba.

"Ka tambayi Efraín mana," na ce.

"Da wane bakin?"

"Da wannan da kake cin kazar matarsa."

Ya juya fuska bango. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, domin ban taɓa ganin Vernon yana jin kunyar wani ba. Na ajiye kwano na tsallaka na kira Efraín. Ya shigo da kayan aikinsa a jiki, ya cire hula ya tsaya a ƙarshen gado. Vernon ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi farashin masara, ya tambayi motar da ta ƙi tashi. Da na gaji, ni na faɗi maganar.

Efraín ya murza hular a hannunsa.

"Don Vernon," ya ce, yadda ake girmama babba a yarensu, "ashe har wannan aikin ma za mu ƙwace wa 'yan gari?"

Vernon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na gyara masa robar iskar da ke hancinsa.

"Ɗan banza. Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Ƙuri'ata na riga na aika ta gidan waya, kuma ba taku ba ce."

"Na sani. Kullum da allonka nake shan kofi."

"Kamfanin ne ya cuce mu, amma da ku ya cuce mu."

"Mu ma ai ba alheri yake mana ba. Dubi yatsuna."

Vernon ya dube su, sun karkace kamar nasa. Ya daɗe yana kallo.

"To za ka ɗauke ni, ko kuwa?"

"Za mu ɗauke ka yadda muke ɗaukar namu."

Vernon ya lumshe ido, ya ce in ba shi miyar. Ya sha fiye da yadda ya sha duk makon.

Ya cika bayan zaɓe da 'yan kwanaki, da hantsi, ina zaune kusa da shi rediyo yana ba da labarin yanayi. Na yi kuka sosai. Mutum ne mai wuyar zama, amma ban san layinmu babu shi ba.

Ranar jana'iza cocinmu na Lutheran ko rabi bai cika ba. Da fasto ya gama, Efraín da mutanensa suka kama hannayen akwatin. Mu a nan taku kaɗan ne ake yi, daga ƙofar coci zuwa motar gawa, sai a zura a rufe. Direba har ya buɗe bayan mota. Sai na ga sun dubi juna, suka ɗaga akwatin suka ɗora a kafaɗa, suka wuce motar suka hau titi.

"Ina za su da babana?" Craig ya raɗa min.

"Maƙabarta, ga alama."

"A ƙafa? Ai tana bayan rumbunan masara."

A bakin titi wasu maza suna jira, ma'aikatan mayanka, sanye da fararen riguna a cikin sanyin nan. Yawancinsu Vernon bai taɓa gaishe su ba. Kowace kusurwa muka kai, sai wasu su shiga ƙarƙashin akwatin, na farko su fita, ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Muka bi su, tsofaffin coci da matan mayanka.

Daidai shagon sayar da iri, Craig ya cire kwat ɗinsa ya miƙa min. Ya fi su tsawo nesa, sai da ya ranƙwafa kafin kafaɗarsa ta dace. Lyle ya matso da sandarsa, ya dafa gefen akwatin da hannu ɗaya, suka rage tafiya saboda shi.

Na waiwaya. Motar gawa tana biye da mu a hankali, babu kowa a ciki sai direba.