Giyar da Baba Ya Ce a Sha

Kwana uku kafin Baba ya rasu, ya kama hannun rigata a gadon asibiti ya ce, "Torben, ranar da kuka binne ni, Alt za a sha."

Na yi dariya, na ɗauka magungunan ne ke magana da bakinsa. Shekara talatin da takwas Baba Friedel ya yi yana raba giya a wata tsohuwar mashaya kusa da babban cocin garinmu Köln, da shuɗin ƙyallen aikinsa ɗaure a ƙugu da zagayayyen farantinsa. Giya ɗaya ya sani, Kölsch, tamu, mai haske kamar tatacciyar zuma a siririn gilashi. Alt kuwa ta mutanen Düsseldorf ce, garin da ke gaba da namu a bakin kogi, abokan hamayyarmu, ja ce mai duhu, kuma a garinmu sunanta ma zagi ne. Duk baƙon da ya yi kuskuren tambayarta, Baba kan nuna masa ƙofa ya ce, "Kogi daga nan yake gangarawa wurinsu. Abin da muka wanke gilashi da shi suke ɗiba su sa a kwalba."

"Baba, Kölsch kake nufi."

"Kunnenka ne ya toshe ko kanka? Alt na ce. Ka yi mini alkawari."

Tun da na bar makaranta ina shekara goma sha shida, na yi wankin mota, na yi rabon kaya a keke, na yi aikin fenti, babu inda na kai shekara, Baba bai taɓa sa ni wani abu mai muhimmanci ba. Wannan ne na farko. Na ce na yi alkawari.

Washegarin rasuwarsa na sauka ɗakin ajiya na ƙasa neman baƙaƙen takalmansa. Bayan gwangwanayen fenti na ga wani kwali. A ciki akwai gajeren gilashi mai kauri, irin wanda babu ɗan Köln da zai bari a gan shi da shi, da tarin tsofaffin tikitocin jirgin ƙasa ɗaure da roba. Köln zuwa Düsseldorf, a je a dawo. Na duba ranakun ɗaya bayan ɗaya, duk Litinin ce, ranar da yake neman hutu a wurin aiki, yake ce mana yana zuwa gashin ƙashin bayansa. Na zauna a kan matakala.

Na kai wa Goggo Roswitha kwalin, yayar Baba, wadda ke shirya komai na jana'iza. Ta duba, ta rufe shi da sauri kamar ta ga mataccen ɓera.

"Wa ya gani ban da kai?"

"Babu kowa. Amma Goggo, shi da bakinsa ya ce..."

"Yana cikin zafin ciwo. Na riga na sa a kawo ganga biyu ta Kölsch. Mutum arba'in za su zo, rabinsu abokan aikinsa. So kake a riƙa ba da labarin ƙanena a kowane tebur har shekara hamsin? Ka kai wannan abin shara. Sau ɗaya a rayuwarka, Torben, ka zauna lafiya."

Ban kai shi shara ba. Na shiga babban kanti a bayan gari, inda ba a san ni ba, na je can ƙarshen layin giya na ɗauko kiret biyu na Alt, wadda na taɓa gani ana tallarta a talabijin. Matar da ke kan na'urar karɓar kuɗi ta kalli kwalaben ta kalle ni. "Baƙi za ka yi, ko wani ka tsana?" in ji ta. Na biya na fita.

An binne Baba ranar Alhamis da hantsi. Daga maƙabarta muka wuce ɗakin taro na coci, inda aka jera burodi da cuku da albasa. A teburin gaba tsofaffin abokan aikinsa suka zauna, a tsakiyarsu Kawu Ottmar, amininsa tun suna samari, mutumin da ya taɓa mayar da surukinsa daga bakin ƙofa saboda lambar motarsa ta Düsseldorf ce. Shi na fi tsoro.

Goggo ta ɗaga hannu a fasa ganga. Na riga ta. Na jawo kiret daga ƙarƙashin tebur, na buɗe kwalba, na tsiyaya a gajeren gilashin Baba. Jar giyar ta hau, kumfa ya taru a kai. Surutu ya ɗauke daga tebur zuwa tebur har ɗakin ya yi tsit.

"Baba ya ce wannan za a sha," na ce.

"Ya Ubangiji," in ji wata mata daga baya.

"Kai yaro, ka sha wani abu ne tun da safe?" wani tsoho ya ce. "Friedel? Friedel namu?"

"Ƙarya yake yi!" Goggo ta miƙe, fuskarta ta yi ja. "Ku yi haƙuri, jama'a, kun san shi. Ko a jana'izar ubansa sai ya yi abin da za a kalle shi."

Biyu daga cikin tsofaffin suka fara laluben hulunansu. Na ga abin da na yi: sunan da Baba ya yi shekara talatin da takwas yana ginawa, na rushe shi a minti ɗaya, kuma ga shi ba wanda zai sha. Sai Kawu Ottmar ya tashi a hankali, yana dafa tebur, ya tako har gabana. Na ɗauka mari zai kai mini. Ya karɓi gilashin, ya ɗaga shi wajen taga, ya shinshina. Sannan, a gaban mutum arba'in, ya kurɓa.

Wani ya saki cokali mai yatsu a ƙasa.

Kawu Ottmar ya yamutsa fuska, ya ɗauki kwalbar ya karanta takardar jikinta. "Ina ka samo wannan?"

"A kanti."

"A kanti." Ya juyo ya kalle ni kamar na tofa wa akwatin gawa yawu. "Ubanka ya ce Alt, kai kuma ka je ka kwaso masa ruwan masana'anta? Wannan da ake cika kwalba dubu a minti? Ko kyauta aka ba Friedel wannan ba zai wanke takalmi da ita ba. Tasa a ƙaramin gida ake dafa ta, cikin wani lungu bayan kasuwa, daga gangar katako ake tsiyayo ta, ɗacinta yana kama maka bayan harshe. Kai dai ba ka taɓa yin abu ya kai ƙarshe daidai ba."

Goggo ta koma kujerarta daɓas. "Ottmar. Kai ta yaya ka san ɗanɗanonta?"

"Wa kike tsammani yake riƙe masa kujera a jirgi? Shekara ashirin da shida, Roswitha. Ni ma bayana yana ciwo ranar Litinin."

Ɗakin ya kaure. Wani yana rantsuwa ba zai sake gaishe shi ba, wani yana dariya har da tari, ɗaya daga masu huluna ya fita da gaske ya buga ƙofa. Tsohon da ya ce na sha wani abu sai maimaitawa yake, "Ni na ɗauke masa aikin Litinin sau nawa? Sau nawa?" Ni kuwa ina tsaye da mabuɗin kwalba a hannu, na kasa rufe bakina.

Kawu Ottmar ya duba agogo. "Akwai jirgin ƙasa da ƙarfe ɗaya da minti goma. Wanda zai cika wa Friedel maganarsa ya taso. Wanda ba zai iya ba, ga ganga biyu nan, ya zauna ya yi ta sha."

Mu tara muka tafi Düsseldorf, cikin baƙaƙen kaya. Goggo ta ce ita rakiya kawai za ta yi, don kada mu ƙara jawo wa gidan abin kunya.

Mashayar ƙarama ce, rufinta ƙasa-ƙasa, tana warin hatsin da aka dafa. Mai rabon giyar, wani ƙato mai furfura, ya ga Kawu Ottmar ya washe baki. "A'a, ɗan leƙen asirin Köln! Yau Alhamis fa. Ina ɗayan munafukin?"

Sai ya lura da kayanmu. Ya ajiye farantin.

Ya kawo gilashi goma, ba wanda ya ce masa goma. Ya ajiye na goman a gaban kujerar da ke jikin bango, wadda Baba ya saba zama a kai, yau babu kowa a kanta. Na kurɓi tawa. Ɗacin ya kama mini bayan harshe, daidai inda aka ce. Goggo ta riƙe nata da yatsu biyu, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe ido ta sha.

"To?" in ji Kawu Ottmar.

"Ba daɗi," ta ce, ta sake kurɓa.

A nan ma, kamar a gida, ba a daina kawo wa mutum giya sai ya rufe bakin gilashinsa da ɗan faifan kwalin da ke ƙarƙashinsa. Kawu Ottmar ya zaro na Baba ya miƙo mini.

"Kai ya sa aikin. Ƙarasa shi."

Na ɗora faifan a kan gilashin Baba.