Akwati Na Biyu

"Sake dannawa," in ji Ummu Haisam.

Sha'aban mai gadi ya sake danna ƙararrawar, ya kasa kunne, ya ɗaga kafaɗa. "Hajiya, barci yake yi. Da idona na ga labulen ƙarfen tagarsa ya ɗaga da safe. Jiya ma fitilar falo ta kunnu da magariba."

"Labulen nan ko mai gidan yana Makka sai ya ɗaga. Je ka ɗauko makulli."

Sha'aban ya sauka yana ƙunƙuni. Ita kuwa ta tsaya a ƙofar maƙwabcinta da farantin labna, wato kindirmo mai kauri, da zaitun a hannu. Tun jiya ba ta ji tarin tsohon, Abu Lu'ayyu, ba, tarin da duk hawa na uku ke tashi da shi.

Da bazara abin ya fara. Lu'ayyu, ɗan tsohon tilo, ya zo hutu daga Jamus da jaka cike da 'yan na'urori, ya bi gidan ubansa yana mannawa: mai kunna fitila, mai ɗaga labule, mai gane motsin mutum, har da wadda za ta aika masa saƙo a waya in tsohon ya faɗi. Dukansu da wani ƙaramin akwati suke magana, shi kuma ya kai labari Jamus. To amma tsoffin gidajen Amman dutse ne, ba wasa ba. Akwatin falo ya kasa jin na'urorin ɗakin kwana da na bayi. Tsohon kuma ya rantse ba mai huda masa bango ya ja waya. Sai Lu'ayyu ya raba su gida biyu: fitilu da labule ga akwatin falo, na ɗakin kwana da bayi ga akwati na biyu. Wurin da ya fi dacewa da na biyun kuwa shi ne saman firjin Ummu Haisam, inda siririn bango kawai ya raba kicin ɗinta da gadon tsohon.

Mijinta ne ya amsa da "bismilla" tun kafin a tambaye ta. Ita dai tun ranar ba ta yarda da abin ba. Wane irin akwati ne mai ƙifta koren ido duk lokacin da mutum ya motsa a bayan bango? In yana jin can, me zai hana shi jin nan?

"Ba ya ji, ba ya gani, ya Ummu Haisam," Abu Lu'ayyu ya ce mata a kan matakala yana dariya. "Kurma ne kamar ni."

"Kai ma ai abin da kake so kake ji, Alhaji."

Ranar da Lu'ayyu ya bugo gaisuwa ya ce, "Inna, yaya gwiwar?" sai ta ce shi ke nan, magana ta fito. Wa ya gaya masa gwiwarta na ciwo? Mijinta ya ce, "Ubansa mana, ba kullum yake ganinki kina ɗingishi ba?" Ba ta saurare shi ba. A ranta ta gama yanke cewa da tsohon aka haɗa baki. Daga nan duk sanda 'yar'uwarta ta zo shan gahawa sai ta zare filogin, in ta tafi ta mayar. Ta jira a yi mata magana, ba wanda ya yi, wannan ma ya ƙara mata zargi.

Ranar Alhamis 'yarta ta zo tana kuka kan rigimar gidan miji. Ummu Haisam ta zare filogin tun kafin yarinyar ta zauna. Sai yau Asabar, da ta miƙa hannu saman firji neman kwalbar yajin za'atar, ta ga idon akwatin a mace.

Sha'aban ya buɗe ƙofa. Falon tsaf, rana ta shigo ta taga, rediyo yana karatun Alƙur'ani a hankali kamar kowace safiya. Ta yi sallama, shiru. Ta bi bayan Sha'aban ta lungun ɗakin kwana.

A ƙasa suka same shi, tsakanin gado da ƙofar bayi, silifa ɗaya a ƙafa, hannunsa a miƙe wajen bangon kicin ɗinta.

Sha'aban ya durƙusa, ya taɓa wuyansa, ya yi salati. Ummu Haisam ta ajiye farantin a kan kujera, ta jawo bargo ta rufe shi. Da ta koma gidanta ta mayar da filogin. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, don ta san wayar Lu'ayyu tana nuna duk lokacin da akwatin ya mutu.

An yi jana'iza, an yi zaman makoki. Tana cikin mata tana zuba gahawa mai ɗaci, amma kunnenta yana wajen maza. Duk wadda ta kalle ta sai ta ga kamar ta sani. Likita ya ce zuciya ce, bai ce ko da an zo da wuri da ya rayu ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Ranar da aka watse, wajen la'asar sakaliya, Lu'ayyu ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wayarsa tana hannunsa. Ta ce a ranta, ga shi nan ya zo.

"Inna, gafara na zo nema. Baba ya takura miki."

Ta dube shi, ba ta gane ba.

"Duk sanda saƙo ya zo akwatin ya mutu, sai in kira shi. Sai ya ce shi ya roƙe ki ki cire, wai ba ya so in riƙa ƙirga masa shiga bayi. Har faɗa muka yi. Ya ce in na kuskura na yi miki magana bai yafe mini ba." Ya goge ido da bayan hannu. "Ranar Alhamis na ga saƙon ina wurin aiki. Na ce halin Baba ne. Ban kira ba, Inna."

Tsohon bai taɓa roƙonta komai ba, ko gishiri.

"Allah ya ji ƙansa," ta ce da ƙyar. "Mutumin kirki ne."

"Bari in ɗauke miki akwatin, ki huta."

"Bar shi," ta ce. "Ba ya damuna."

Ya sauka raka sauran baƙi. Ta daɗe a bakin ƙofa tana dafe da gwiwa, har aka fara kiran sallar magariba daga masallacin ƙasan tudu. A gidan da babu kowa, fitilar falo ta kunnu, hasken ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya tsaya dab da silifarta.