Ranar da Dije Ta Kira Sunan Ɗanta

Shekara biyu da wata bakwai Dije ta yi da ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take ce masa, in ta matsu ta ce "wancan". Haka ta taso ta tarar a garinsu Dauran: ɗan fari na kunya ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yaye shi kuma kakarsa ce mai shi. Da 'yan bindiga suka koro su zuwa Kaura Namoda ita da mijinta Jibrilu, ta baro tukwanenta da awakinta a can, amma kunyar nan sai da ta ƙullo ta a bakin zane.

To amma kunya baki take ɗaurewa, ba ta rufe ido. Dije ta san Safwan, sunan yaron ke nan, yana toshe kunne tun kafin injin niƙan makwabta ya gama tari. Ta san sabuwar riga mai sitaci tana sa shi ihu kamar an zuba masa garwashi. Tuwo in da gudaji ko ɗaya ba zai haɗiye ba, ƙamshin turare kuwa amai yake sa shi. Ga shi har yanzu bai ce ko "Inna" ba, sai dai ya zauna yana juya murfin kwano. Mutanen unguwa, da ba a rasa su da ilimin ɗan wani, suka ce iska ce.

Ranar rigakafi a asibiti, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Hamdiyya ta lura da yadda yaron ya ɓuya a ƙarƙashin benci saboda ƙarar janareto. Ta ja Dije gefe.

"In kin kira sunanai, shina waigowa?"

Dije ta sunkuyar da kai. "Ban taɓa kira ba. Na fari na."

Hamdiyya ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai yaran da kunnensu da fatarsu da hancinsu ke jin abu ninkin yadda sauran mutane ke ji, kuma ana yawan ganin haka tare da abin da likitoci ke kira otizim, musamman in magana ta yi jinkiri. "Amma wanga kaɗai bai isa a yanke ba, sai likitan yara ya duba shi a Gusau. Kuma tambayoyi za ya yi. Wa za ya ba shi amsa in ke kin yi shiru?" Ta rubuta mata takarda ta ranar Litinin.

Jibrilu ya karanta takardar, ya sosa ƙeya. Mahaifiyarsa, Inna Asta, ta riga ta yanke magana: ranar Asabar za ta zo ta ɗauki jikanta ta tafi da shi Zurmi, inda take zaune yanzu, a yi ta yi masa hayaƙi har iskar ta fita. Jibrilu mutumin kirki ne, amma a gaban uwarsa ko kaza ta fi shi baki. Dije ta kwana biyu ba ta iya cin abinci, tsoro ya cika ta, don ta san abin da hayaƙi zai yi wa yaron, kuma ta san surukar da ta buɗe baki a kan ɗan fari ta zama abin faɗi.

Asabar da hantsi Inna Asta ta iso a keke napep, da ƙullin kayanta da sabuwar rigar shadda ta yaron. Mata suka cika tsakar gida. Dije ta gaishe ta, ta shige ɗaki kamar yadda ya kamata, ta tsaya a bayan labule.

Aka zura wa Safwan shaddar nan mai ƙyalli, ya fara ƙara. Inna Asta ta ce a fara tun nan, aka kawo kasko, ta barbaɗa turare, ta kama shi ta kara fuskarsa a hayaƙin. Kamar an haɗa baki, sai injin makwabta ya tashi. Yaron ya fizge, ya faɗi, ya shiga buga goshinsa da ƙasa.

"Kun gani ko? Su na sunka taso," in ji tsohuwar. "Ku riƙe min shi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dije ta yaye labulen.

"Safwan!"

Matan duk suka juyo. Wata ta dafe ƙirji. Dije ba ta dubi kowa ba. Ta kifa kwano a kan kaskon, ta cire masa shaddar, ta saɓa shi a baya, babban yaro da shi, ta ɗaure da tsohon zanenta tamau, ta ja masa hular ulu har kan kunnuwa. Ta yi ta jijjiga shi a hankali. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya, sannan ya kwantar da kumatunsa a bayanta ya yi luf.

Sai ta durƙusa. "Inna, ki yi min gafara. Ba iska ba ta, rigag ga ta ka cizon shi. Hayaƙi shina shaƙe shi, inji shina sokin kunnenai. Fura da nono shika sha, in an tace. In anka matse shi haka, shina natsuwa. Ga takarda, jibi likita za ya gane shi. Ki bar min shi."

Inna Asta ta kalli yaron da ya yi shiru ba da hayaƙinta ba. Ta ɗauki shaddar ta murza a tsakanin yatsu, ta ji kaushinta.

"Ke da ko kallon shi ba ki yi, yaushe kinka san duk wanga?"

"Tun ran da nih haihe shi nike kallo, Inna. Ta gefen ido."

Tsohuwar ta dubi Jibrilu, nata ɗan farin, wanda shekara talatin da biyar ita ma ba ta kira sunansa ba. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin mayafi, ta hau faɗa don kada a gane. "To ku mi kuka tsaya kallo? A fid da kaskon ga! Kai kuma, tai ka ce ma mai injin nan ya riƙa aikowa kahin ya tada shi."

Inna Asta ba ta koma Zurmi ran nan ba. Ta ce sai ta ji da kunnenta abin da likitan zai faɗa, ko otizim ɗin ne ko wani abu, tunda dai yanzu akwai mai ba shi amsa.

Litinin da sassafe ta riga kowa shiryawa. Ta tsaya a tsakar gida, a gaban matan da suka leƙo, ta ɗaga murya.

"Uwar Safwan! Ki hito, mota ba ta jira."

Daɗi ya kama Dije har ta rasa inda ta ajiye takalminta. Ta gyara goyonta, ta amsa yadda duk unguwa za ta ji: "Na'am, Inna!"