Ƙullin Wandon Tokuji

Tun da aka kwantar da mijina Tokuji a asibitin birni, takardar awon wandonsa ce ta zama abokiyar hirata. Daga tsohuwar jarida na yanke ta shekarar aurenmu, ta yi ja ta yi laushi, amma da ita nake fitar masa da monpe, wandon gonarmu mai faɗin hantsa da tsukakkiyar ƙafa. Mutumin nan bai taɓa yarda da wandon kanti ba, wai yana matse shi in ya tsuguna dashen shinkafa. Ko a gadon asibiti cewa ya yi shi ba zai sa kayan mutane ba.

Sai na dinga farke tsofaffin rigunan uwarsa masu shuni ina ɗinka masa. Duk wanda na kai, kafin in koma ya yi masa yawa. In dawo gida, in shimfiɗa takardar a tabarma, in naɗe gefenta in soke da allura. Ban taɓa sa mata almakashi ba, don na ce in ya dawo ya ci girkina zai mayar da jikinsa.

Gidan kuwa tsit. Maƙwabta sun ƙare, wasu birni, wasu maƙabarta. 'Yarmu tana Osaka, wayarta ba ta wuce "Mama, kin ci abinci?" Kaɗaici ya ci ni, ba na ɓoyewa. Shayi ma kofi biyu nake zubawa, in shanye duka don haushi.

Kowa a nan ya san ba a ƙulla zaren kayan gawa. Sake ake barinsa, kada mai tafiya ya ɗauru da duniya. Da na tuna haka sai na faɗa ƙulle-ƙulle: in ƙulla farkon ɗinki, in ƙulla ƙarshe, in ƙara a tsakiya. Na san ɓarnar ɗinki ce, ina ruwana! In dai zare yana riƙe mutum, to Tokuji ba inda za shi.

Ranar da na bi motar safe da sabon wando, na tarar ma'aikaciyar jinya tana shafa masa magani. Ta yi ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri kafin ta nuna min jajayen gyambuna a jere, daga ƙugu har gwiwa, daidai layin ɗinkina. Fatarsa ta yi siriri, ƙulle-ƙullen na cinsa. Bai gaya wa kowa ba, ya ma hana a cire masa wandon.

Tana fita na hau shi da faɗa, na ce bakinsa ciwo yake da ba zai yi magana ba? Ya karɓi sabon, ya juya cikinsa waje, yana bin ƙulle-ƙullen da yatsa. Ɗan maɗinkiya ne fa, ya san abin da na yi.

"Kikue, ke da kika fi kowa hannu a ƙauyenmu," ya ce yana murmushi, "wannan ɗinki ne ko komar kamun kifi?"

Na ce tsufa ne, ido ya tafi.

"Ƙarya kike, tsohuwa." Ya ɗora hannunsa a kan nawa. "Na gaji. Na gaba, ki bar zaren sake, ba ƙulli."

Na ɗauki jakata na fito ko sallama babu, na yi kukana a cikin mota.

Da na isa gida na zare allurai daga gefen takardar, ta buɗe ta koma faɗinta na da, awon mutumin da na aura. Na ciro farin yadi daga ƙasan akwati, na zura zare a allura. Kafin in ankara yatsuna sun naɗa ƙulli da kansu.

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na sa haƙori na gutsure ƙullin.