Gishirin Iya

A bazarar shekara ta uku da samun mulkin kai, zazzaɓi ya kwantar da matata Zalihatu a Dumega. Komai ta sha sai ya dawo, ko da ruwa ne. Malamin asibitin Tibiri ya duba leɓɓanta da suka tsattsage, ya ce in da za a sami ƙanƙara ta riƙa tsotsa kaɗan-kaɗan, ruwan zai zauna mata a ciki, maganin ma ya zauna.

A duk yankinmu na Arewa wuri ɗaya na san akwai ƙanƙara: gidan mishan na Dogon Dutsi, inda suke da firiji mai aiki da kananzir. Can na yi lakwal, wato makarantar boko, kafin in gudu in bi mota. Ubangidana Illo direba ya yarda ya kai ni ya maido ni, bisa sharaɗin in sauke masa kaya a kasuwa.

Tsohon malaminmu, Mushe Félix kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya gane ni tun daga ƙofa.

"Rabo mai ƙafar akuya! Ka dawo ka ida karatun?"

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya bar wasa. Ya fito da ƙanƙara dunƙule guda, girman ƙwaryar fura. Muna jiran matarsa Thérèse ta kawo ƙaiƙayi da buhu, ya tsuguna ya ja layuka a ƙasa da tsinke.

"Ga darasin da ka gudu ka bari. Ruwa gona uku gare shi: nan ƙanƙara, nan ruwa, nan tururi. Zafi ke tsallakar da shi iyaka. Aikinka ka tsare shi cikin gonar farko. Kak ka buɗe, kak ka taɓa."

Na rungume buhun a bayan mota, na rufa masa rigata, rana tana cin bayana. Da muka isa Dumega bayan azahar, fiye da rabi na nan. Na tarar Zalihatu ta samu barci, karo na farko tun da ciwon ya tsananta. Iya, mahaifiyata, ta tare ni a bakin ɗaki.

"Kak ka tashe ta. Miƙo nan, in aje."

Illo yana ta danna oda a waje. Na ce, "Iya, abin ga ba shi daɗewa, lalacewa yakai." Ban ƙara komai ba, na ruga sauke kaya a kasuwa.

Iya ta yi shekaru tana sayar da nama da kifi busasshe. A saninta, abin da ke lalacewa da zafi gishiri ke tsare shi. Tana da ɗan gishirin Foga da take ɓoyo don baƙi. Ta fidda ƙanƙarar daga ƙaiƙayi, don ta ga ƙazanta ce a bar abin shan mara lafiya a ciki. Ta sa ta a kwanon sha, ta daka gishirin duka, ta shafe ta ciki da bai, ta rufe da faifai.

Daga baya Mushe Félix ya gaya mini gishiri ture iyakar yake yi, gonar ruwa ta ci ta ƙanƙara, sai ta narke ko da sanyinta. A ranar ban san wannan ba. Abin da na sani, da na dawo gab da la'asar na ɗaga faifai, kwanon ya ciji yatsuna don sanyi, amma cike yake da ruwa. A tsakiya wani ɗan guntu yana yawo, duk huji, bai kai goro ba.

Na ɗanɗana ruwan. Ko rakumi ba zai sha ba.

"Rabo, kai ne?" in ji Zalihatu daga ɗaki. "Ka samo?"

Na tsamo guntun, na ɗauraye shi a randa, ya ƙara raguwa a tafin hannuna. Na tallabo kanta na sa mata a baki. Ta rufe ido. Na ga maƙogwaronta ya motsa sau ɗaya, bai dawo da komai ba.

"Ashe ƙanƙarar Nasara gishiri gare ta," ta ce, tana son yin dariya. "Ƙaro mini, ɗan lakwal."

"Bari ta huta tukuna," na ce.

Ta jira. Ta sake tambaya da magariba ta gabato, murya ƙasa-ƙasa. Na ba ta ruwan randa a ludayi, ya dawo. Illo ya riga ya wuce Gaya, kuma babu wata mota sai kasuwa mai zuwa. Washegari da hantsi Zalihatu ta cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, na iske Iya zaune a bayan rumbu, kwanon a gabanta, ba ta zubar da ruwan ba. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Rabo, gaya mini gaskiya. Gishirin ne ya yi kaɗan? Shi ke nan gare ni, wallahi duka na sa."

Na zauna kusa da ita a ƙasa.

"Ya isa, Iya," na ce. "Rana ce ta yi yawa."