Gwangwanin Gwada Kunne

Ranar da 'yata Lukuti ta fara rarrafe, ba wurina ta nufa ba, ba kuma wurin babanta ba. Tsohuwar amfilifayarsa ta ƙara sautin kiɗa ta nufa, mai kwalaben gilashi huɗu da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Nauyinta ya hana a ɗora ta a kan tebur, sai a ƙasa. Saura taku ɗaya na cafko ƙafar yarinyar.

"Baban Lukuti, abin nan zai bar falon nan. Ga ƙaramar amfilifayar can a sama, ita ma tana yi."

"Haba Injiniya! Ina aka haɗa zuma da ruwan sukari? Kunnena ba ya ƙarya."

Gyaran rediyo na koya kafin aure, don haka ban tsaya musu ba. Na samo gwangwanin biskit, na huda shi, na shigar da wayoyin amfilifaya biyun ta baya, na fitar da guda zuwa sifika, na sa makunni a tsakiya. Hagu ɗaya, dama ɗaya. Na daidaita ƙarfinsu da mitar awo, domin kunne yakan ɗauki mai ƙara a matsayin mai daɗi. Har soso na cusa don kada ƙas ɗin makunnin ya tona asiri.

Muka yi sharaɗi: sau goma zan kunna, in ya gane takwas, tsohuwa ta zauna, ni in san yadda zan yi da yarinya. In ya kasa, ta koma shagonsa.

Ranar Asabar Mama, mahaifiyarsa, ta zo, ta ɗauki Lukuti a cinya. Na kunna.

"Tsohuwa," ya ce. Daidai.

"Ƙarama." Daidai.

Shida a jere bai faɗi ba. Ina kallon hannun Lukuti, 'yan yatsun nan kamar ba ƙashi, ina tuna zafin kwalaben. Shi kuwa har da girgiza ƙafa.

Sai Mama ta yi gyaran murya. "'Yata, ɗan nan ni na haife shi. Ba da kunne yake ji ba, da ido yake ji."

"Na'am, Mama?"

"Duk lokacin da kika juya wa tsohuwar nan, sai kin taɓe baki kamar an ba ki magani. Ni ma na gane shidan, kuma kunnena ɗaya ne ke aiki."

"Mama, ke kuma a ɓangaren wa kike?" in ji shi.

"Na mai rarrafe."

Kunya ta kama ni. Na rufe wa sauti kowace kafa, na manta da fuskata. Na sauya wayoyin ta baya ba wanda ya gani, na rubuta yadda na sa su a takarda, na ninke. Na miƙa wa Mama gwangwanin, tunda ita ba ta san wace ce hagu ba, na goya Lukuti na koma bayan labule.

Daga can nake jin sa. "Tsohuwa... a'a, dakata. Mama, sake kunnawa. To, ki ɗan dube ni mana!"

"Ga ni, dubi son ranka."

Mama tana ja masa layi a bayan kwali, hagu ko dama, da abin da ya faɗa. Da muka buɗe takardata, huɗu ya ci cikin sabon goman.

Ya daɗe yana kallon gwangwanin. "Wannan sifikar ce ba ta da kyau."

"Ita ce dai ta ɗazu," na ce.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zare filogi, muka jira kwalaben suka huce. Mu biyu muka ciccibe ta zuwa ƙofa, yana ta yi mata ban haƙuri. Da muka dawo, Lukuti na zaune daidai inda tsohuwar ta tashi, tana dukan gwangwanina da cokali.